Hasashe ya ce aikin sito ya yi ƙaranci a yankinmu: in kwashe iyalina in tafi?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Shekarata tara ina aikin akawun sito a wata masana'anta. Ni nake karɓar kaya in shigar da su a littafi, ni nake fitar da su bisa takardar izini, kuma ni nake ƙidaya a ƙarshen kowane wata. A bara kamfanin ya kawo sabuwar manhaja da na'urorin sikana, kuma daga mu shida da muke sashen aka sallami uku. Ina cikin waɗanda aka bari, amma hankalina bai kwanta ba. Na duba hasashen guraben aiki da hukuma take fitarwa yanki-yanki, na ga an rubuta cewa damar samun irin aikina a yankinmu kaɗan ce a shekaru masu zuwa, alhali a wani yanki mai nisa, inda akwai tashar jiragen ruwa da manyan rumbunan ajiya, an ce damar tana da kyau. Shekaruna 38, ina da mata da 'ya'ya uku, biyu suna makaranta, matata kuma tana da sana'arta a nan. Wani tsohon abokin aikina da ya koma can yana ta kirana in zo. Shin in ajiye aiki in kwashe iyalina tun kafin a kore ni, ko in zauna, ko kuwa in bar sana'ar gaba ɗaya?

Amsa:

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Shawarata ita ce kada ka ajiye aikin da ke hannunka, kuma kada ka tayar da iyalinka, har sai ka riƙe takardar ɗaukar aiki daga can wadda aka rubuta albashi da ranar farawa a cikinta. Ban ce ka naɗe hannu ka zauna ba, domin fargabarka tana da tushe, kuma mutum ukun da aka sallama a gabanka sun fi kowane rahoto ƙarfin hujja. Sai dai ina ganin ka ɗora wa hasashen nan nauyin da ya fi ƙarfinsa, ka karanta shi kamar hukunci ne aka yanke maka, alhali wani abu dabam aka yi shi don aunawa.

Hukumomin ƙwadago ne suke yin irin wannan hasashe, kuma hanyar kusan ɗaya ce a ko'ina. Sukan duba yawan mutanen da suke wata sana'a a yanki, da yadda masana'antun da suke ɗaukarsu suke bunƙasa ko suke ja da baya, da adadin waɗanda ake sa ran za su yi ritaya, da yawan ƙwararrun da suke zaune babu aiki, sannan su haɗa duka su ba yankin maki. A Kanada, alal misali, gwamnati tana fitar da hasashen shekara uku ga kowace sana'a, lardi-lardi da yanki-yanki, a matakai biyar daga dama mai kyau ƙwarai zuwa dama ƙanƙanuwa ƙwarai. A Amurka kuwa Hukumar Ƙididdigar Ƙwadago tana yin na shekara goma ne ga ƙasa baki ɗaya, jihohi su yi nasu. Tambayar da makin yake amsawa ita ce: idan mutum ya fito neman wannan aiki a wannan yanki, guraben da za su buɗe za su ishi masu nema ko ba za su ishe su ba? Wannan tambayar mai neman aiki ce. Kai kana kan aiki, kana da shekara tara a kansa, kuma an yi tankaɗe da rairaya a sashenku ka tsira. Ranar da ka ajiye aikin nan da hannunka, ranar ce za ka shiga layin mutanen da rahoton yake magana a kansu.

Akwai kuma wani abu da kalmar "mai kyau" take ɓoyewa, kuma lissafi kaɗan zai fito da shi. Mu ƙaddara yanki ɗaya yana da akawun sito 2,000, adadinsu ba ya ƙaruwa ko kaɗan, amma a kowace shekara biyar daga cikin ɗari suna barin aikin saboda ritaya ko sauya sana'a. Wannan gurbi 100 ke nan a shekara. Mu ƙaddara wani yankin yana da 200 kacal, yana bunƙasa da kashi goma cikin ɗari, kuma biyar cikin ɗari suna barin aiki kamar na farko. Wannan sababbin gurabe 20 ne da na maye gurbi 10, jimilla 30. A takarda na biyun ne yake bunƙasa, shi ne zai burge mai karatu, amma na farko ya ninka shi gurabe fiye da sau uku. Lambobin nan na misali ne, ni na ƙirƙira su, amma ƙa'idar gaskiya ce, kuma hukumar Amurka ɗin da na ambata tana faɗin haka a fili game da akawun kaya: ko da yake tana hasashen adadinsu zai ragu, ana sa ran gurabe masu yawa a kowace shekara domin maye waɗanda suka bar aikin. Saboda haka ka koma wa rahoton da ka gani, ka wuce makin, ka karanta bayanin da ke ƙarƙashinsa, ka ga mutum nawa ne suke aikin a kowane ɗaya daga yankunan biyu, waɗanne masana'antu ne suke ɗaukarsu, kuma daga ina ake sa ran guraben za su fito.

Sunan aikin ma yana ruɗa lissafi. A jadawalin sana'o'i na Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wanda aka sabunta a 2008, akawun sito yana lamba 4321, akawun tsara samar da kaya yana 4322, na sufuri yana 4323, kowa da ɗakinsa. A jadawalin Kanada kuma an haɗa mai kula da ƙidayar kaya da akawun sayayya a lamba ɗaya, wato 14403, aka ware mai karɓa da aika kaya a wata lambar. Kai da ka san aikin ka san cewa a masana'anta matsakaiciya mutum ɗaya ne yake yin rabin waɗannan duka. Ma'ana, rahoton da ya ce dama kaɗan ce a ƙarƙashin suna ɗaya yana iya cewa matsakaiciya ce ko mai kyau a ƙarƙashin sunan da ke kusa da shi, a yanki guda, kuma kai ka cancanci duka biyun. Ka duba su duka kafin ka yanke wa yankinku hukunci. Ka kuma tuna cewa alƙaluman da ake gina hasashe a kansu na shekarar da ta wuce ne ko wadda ta gabace ta, kuma a ƙaramin yanki rufe masana'anta ɗaya ko buɗe rumbun ajiya ɗaya ya isa ya juya makin gaba ɗaya. Sannan ba kai kaɗai ka karanta cewa can akwai dama ba. Duk wanda ya karanta ya kama hanya ya ƙara yawan masu nema a can.

Duk da haka ba zan ɓoye maka ba, alkiblar da sana'ar ta dosa ita ce wadda ka gani a sashenku. Dandalin Tattalin Arziki na Duniya, a rahotanninsa na makomar ayyuka na 2023 da 2025, waɗanda aka gina a kan amsoshin manyan kamfanoni, ya sa akawun ajiya da rubuta kaya cikin ayyukan da ake sa ran za su ragu da sauri. Abin kuma ya daɗe yana tahowa. A watan Yuni na 1974 aka fara karanta bakod, wato zanen layukan nan na jikin kaya, a wani kanti da ke garin Troy na jihar Ohio a Amurka. A 2003 kamfanin Walmart, mai manyan kantuna a Amurka, ya umarci manyan dillalansa ɗari da su fara liƙa wa kwalaye alamar RFID, wadda na'ura take karantawa daga nesa ba tare da an nuna mata ita ba. A 2012 kamfanin Amazon ya sayi Kiva Systems a kan dala miliyan 775, kamfanin da yake ƙera na'urorin da suke ɗauko kantar ajiye kaya sukutum su kawo wa ma'aikaci inda yake tsaye. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya cinye wani yanki na aikin akawu, kuma idan ka lura kusan yanki ɗaya suke ci: kwafar lamba daga jikin kwali zuwa takarda, daga takarda zuwa littafi, daga littafi zuwa rahoton wata. Wannan ɓangaren ba zai dawo ba, a yankinku ko a wancan.

Abin da ya rage shi ne ɓangaren da nake so ka tsaya a kansa, domin shi ne jarinka. Manhaja tana sanin abin da aka gaya mata ne kawai. Idan ta ce akwai guda 480 a kan kantar ajiya, ka je ka ƙirga ka sami 452, ba ta da bakin da za ta gaya maka inda 28 suka shiga. Mai yiwuwa dillali ya sauya yawan abin da yake zubawa a kwali, daga 24 zuwa 20, ba a gyara a manhaja ba, ana ta karɓa da tsohon lissafi. Mai yiwuwa an sauke kaya da yamma an ajiye takardar ba a shigar ba sai washegari, kafin nan kuma an fitar da wasu. Mai yiwuwa wani ya ɗora su a kantar da ba tasu ba, ko an dawo da kaya daga sashen aiki aka ajiye a lungu babu takarda, ko kaya biyu masu kama da juna aka karanta lambar ɗaya sau biyu, ko sun lalace an zubar ba a rubuta ba, ko kuma, abin da kowa yake fara zato amma sau da yawa shi ne na ƙarshe a jerin, wani ya ɗauka. Gano wanne ne daga cikin waɗannan yana buƙatar mutumin da ya san kayan, ya san direbobin da suke kawowa, ya san wane sashe ne yake da ɗabi'ar karɓar kaya kafin takarda ta iso, ya kuma san yadda zai tambayi mutum ba tare da ya mai da shi ɓarawo ba. Kamfanin da ya kashe kuɗi ya sayi manhaja ya fi kowa buƙatar wannan mutum, domin yanzu sashen sayayya da sashen kuɗi da masu tsara aiki duk a kan lambar da ke cikin kwamfuta suke yanke shawara, kuma lamba ɗaya ta ƙarya tana iya tsayar da injin masana'anta yini guda, ko ta sa a sayo abin da yake jibge a sito. Ina kyautata zaton wannan ne dalilin da ya sa aka bar ku uku, kuma zai yi kyau ka tambayi kanka da gaske me ya sa kai kake cikinsu.

Game da yankin da abokinka yake kiran ka, dalilin da ya sa aiki yake taruwa a irin waɗannan wurare a bayyane yake: kaya suna bin tashar jiragen ruwa, da mahaɗar manyan hanyoyi da layin dogo, da filin jirgin sama na dakon kaya, da inda masu saye suka yi yawa, akawun sito kuma yana bin kaya. Haka Rotterdam ta ƙasar Holan take, wadda ita ce tashar jiragen ruwa mafi girma a Turai, haka Jebel Ali ta Dubai, haka kuma birnin Memphis na Amurka tun da kamfanin dakon kaya na FedEx ya kafa cibiyarsa a can a 1973. Amma akwai abin da ba a cika faɗa ba. Manyan rumbunan nan su ne suka fi ko'ina amfani da na'ura, domin su ne suke da yawan kayan da zai biya kuɗin na'urar, don haka abin da ka gudo wa a gida zai iya riga ka isa can. Yawancin guraben da suke buɗewa kuma na masu tsinto kaya ne da masu ɗaurewa da masu lodi, aikin tsayuwa da tafiya na sa'o'i masu tsawo, sau da yawa na dare, sau da yawa ta hannun kamfanin da yake samar da ma'aikatan wucin gadi, a ɗauka lokacin da kasuwa ta buɗe a sallama idan ta lafa. Wurin da ma'aikata ba sa daɗewa kullum yana da gurbi, kuma a rahoto wannan yakan fito a matsayin dama mai kyau.

Don haka kafin abokinka ya sake kira, ka shirya masa tambayoyi. Kamfanin ne ya ɗauke shi kai tsaye ko ta hannun wani? Aikin dindindin ne ko kwantiragin wata shida? A kan tebur yake yana daidaita lissafin kaya, ko a ƙasa yake yana ɗauka? Nawa yake rage masa bayan ya biya haya da kuɗin mota? Mutum nawa ne cikin waɗanda suka fara tare suke nan har yanzu? Kuma da ya ce ka zo, akwai gurbi ne takamaimai da manajan da ya san da zuwanka, ko dai cewa yake yi idan ka zo ba za a rasa ba? Ba zargin sa nake yi ba. Mutumin da yake baƙunta yakan so na gida kusa da shi, kuma wanda ya yi ƙaura yakan ji nauyin faɗin abin da bai yi masa daɗi ba. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Shekarun baya-bayan nan sun nuna yadda irin wannan kasuwa take juyawa da sauri. Tun bayan yaƙin duniya na biyu kamfanin Toyota na Japan, ƙarƙashin jagorancin injiniya Taiichi Ohno, ya gina tsarin kawo kaya daidai lokacin da ake buƙatarsu ba tare da tara su ba, kuma masana'antun duniya suka kwaikwaya har ajiya mai yawa ta zama abin kunya. Da annobar korona ta zo a 2020 ta rufe masana'antu da tashoshi, sannan jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suwez na kwana shida a watan Maris na 2021, sai kamfanoni suka juya suna tara kaya, suna gina rumbuna, suna ɗaukar ma'aikata. Kafin 2022 ta ƙare, manyan kantunan Amurka suna kukan kaya sun yi musu yawa suna karya farashi, wasu kuma suna rage rumbunan da suka kama. Duk wannan ya faru a cikin shekara uku, wato tsawon hasashe ɗaya. Wanda ya sayar da kayan ɗakinsa ya bi makin farkon wannan zango ya isa ne a lokacin da ake rage mutane.

A yankinku kuma kada ka taƙaita idonka ga masana'antu. Duk inda ake ajiye kaya masu daraja akwai sito, ko da ba a kira mai kula da shi akawu ba: asibitoci da ɗakunan magani, inda kwanan watan lalacewa da lambar rukunin magani suke da muhimmanci ƙwarai, kamfanonin gine-gine, dillalan kayan gyaran mota da injuna, otal-otal, jami'o'i, kamfanonin lantarki da ruwa da sadarwa, ma'aikatun gwamnati, da ƙungiyoyin agaji. Waɗannan ba sa tashi su koma bakin teku, domin inda jama'a suke nan aikinsu yake, kuma girman sitonsu bai kai a sayo masa na'ura mai tsada ba. Ka yi naka binciken: na tsawon mako takwas ka riƙa rubuta duk tallar aiki da ta shafi sito, ko sayayya, ko karɓa da aika kaya, a yankinku da wancan, da abin da ake nema da irin kwantiragin. Ƙidaya sana'arka ce, kuma abin da za ka samu a ƙarshe zai fi rahoton hukuma sabunta, zai kuma nuna maka sunayen manhajojin da ake yawan tambaya.

Sai lissafin gida, wanda ban ga ka yi shi a wasiƙarka ba. Ka ambaci sana'ar matarka a jimla ɗaya ka wuce, alhali ita ce ƙafa ta biyu da gidanku yake tsaye a kanta. Idan sana'ar ta dogara da mutanen da suka san ta suka amince da ita, ƙaura za ta mai da ita farko, kuma a watannin da za ku fi buƙatar kuɗi. Ka sa wannan a ma'auni tare da hayar can, wadda a wuraren da aiki ya taru takan fi tsada, da kuɗin sauya wa yara makaranta, da 'yan'uwan da suke taimaka muku a nan ba tare da an biya su ba. Ka zauna da ita ku yi lissafin tare, da takarda da alƙalami, tun kafin ka tsai da magana a ranka, domin shawarar da aka kawo wa mace bayan an gama yanke ta sanarwa ce kawai. Akwai kuma batun haƙƙin sallama. A dokokin ƙasashe da yawa da kwantiragin kamfanoni da yawa, wanda aka sallama saboda rage ma'aikata yana da haƙƙin da wanda ya ajiye aiki da kansa ba shi da shi, kuma yawanci ana lissafa shi ne da shekarun aiki. Ka karanta takardar ɗaukarka da dokar ƙwadago ta inda kake, ka kuma tambayi abokan aikinka ukun nan abin da aka ba su. Gudun kada a kore ka yana iya sa ka yafe wa kamfani haƙƙin shekara tara, ka saki reshe ka kama ganye.

A watanni shida masu zuwa, babbar makarantarka ita ce manhajar nan da ta kori abokan aikinka. Ana biyan ka albashi kana koyon abin da wasu suke biyan kuɗi su koya. Kada ka tsaya a shafin karɓa da fitarwa da aka nuna maka. Ka nemi sanin yadda ake gyara bayanan kaya, yadda ake fitar da rahoton kayan da suka daɗe ba su motsa ba, yadda ake sa iyakar da idan kaya suka sauka zuwa gare ta za a sake oda, da yadda lissafin sito yake shiga littafin sashen kuɗi. Ko manhajar kamfanin SAP ce, ko ta Oracle, ko wata ƙarama, ginin kusan ɗaya ne, kuma wanda ya iya ɗaya ba ya daɗewa wajen kama wata. Ka ƙware a Excel har ka iya haɗa jadawali biyu ka fitar da inda suka saɓa. Idan har yanzu ƙidayar ƙarshen wata kaɗai kuke yi, ka kai wa shugabanka shawarar raba kaya gida uku bisa darajarsu, 'yan kaɗan masu cin mafi yawan kuɗi a riƙa ƙirga su kowane mako, matsakaita kowane wata, sauran jefi-jefi, domin kuskuren da aka kama bayan kwana biyar ana iya bin sawunsa, na kwana talatin kuwa sawun ya riga ya goge. Ka kuma fara ajiye alƙaluman aikinka: idan ka ƙirga nau'i 200 ka sami 188 sun dace da kwamfuta, wannan kashi 94 ne, kuma idan bayan wata shida ya kai 98, ka sami jimlar da ta fi "ina da shekara tara a sito" nauyi a gaban mai ɗaukar aiki. Satifiket yana taimakawa, musamman na cibiyoyin ƙwararru kan sayayya da sufurin kaya da aka sani kamar CIPS da CILT na Ingila ko ASCM ta Amurka, amma yana da tsada, kuma ba zan sa shi gaba da abin da na lissafa ba. Ka bari sai tallace-tallacen da ka tara sun nuna maka wanda ake nema.

Barin sana'ar gaba ɗaya ban goyi baya ba. A shekara 38, da iyali, fara sabon fanni daga tushe yana nufin gogayya da matasan da za su karɓi rabin abin da kake buƙata. Matsawa gefe ya fi: sayayya, tsara samar da kaya, kula da sufuri, binciken sito tare da masu odit, wato masu binciken lissafin kamfani, ko shugabancin rumbu. Duk waɗannan suna son mutumin da ya taɓa riƙe makullin sito, kuma ana iya fara neman su a cikin kamfanin da kake.

Idan bayan duk wannan lissafin ya nuna can ta fi, to ka tafi, amma da tsari. Ka nemi aikin tun kana nan, ka yi amfani da hutunka na shekara ka je intabiyu ka ga wurin da idonka, ka tafi kai kaɗai har ka wuce watannin gwaji, iyali su biyo ka a ƙarshen zangon karatu.

Abu ɗaya ne zai sa in ce ka gaggauta, kuma kai ka fi kowa damar ganin sa. Rage ma'aikata saboda sabuwar manhaja alamar kamfani ne da yake kashe kuɗi don ya ci gaba da aiki. Kamfanin da yake mutuwa alamunsa dabam ne, kuma a sito suke fara bayyana kafin su isa ofishin manaja. Ka duba littattafanka na wata goma sha biyu da suka wuce. Idan ɗanyen kayan da ake shigowa da su suna raguwa wata bayan wata, idan dillalan da suka saba ba da bashi sun koma sai an biya kafin su sauke, idan kayan da aka gama sarrafawa suna taruwa babu mai ɗauka, idan an daina sayen kayan gyaran injuna ana ciro na wannan a sa wa wancan, to kada ka jira mako takwas ɗin da na ce, ka fara aika takardun neman aiki a wannan makon, a yankinku da wancan a lokaci guda. Idan kuwa motoci suna shigowa suna fita kamar yadda suka saba, ka rubuto mini bayan ka gama ƙidayar tallace-tallacen, tare da amsoshin abokinka, mu sake dubawa.